Ramin ƙanƙara: na Rasha ko na Finland?

A Rasha shiga ruwan sanyi ta ramin da aka fasa a ƙanƙara abin ibada ne. Ranar 19 ga Janairu Kiristocin Otodoks kan fasa ƙanƙarar kogi da siffar gicciye, mutum ya nutse sau uku har kai, ya fito yana karkarwa. Sai kuma baɗi.

Mutanen Finland kuwa duk hunturu suke yi. Ramin sunansa avanto, galibi dab da sauna, wato ɗakin gasa jiki mai zafin digiri 80 a ma'aunin Celsius. Ka gasu tukuna, ka sauka cikin ruwan ta tsani, kanka a waje, wasu har da hula. Daƙiƙun farko numfashi sarƙewa yake yi, fata na raɗaɗi kamar an watsa barkono.

Ni dai na Finland zan ɗauka, ko ba komai akwai ɗakin ɗumi kusa.