Wata bakwai da kyamarar ƙirga kaya a sitonmu na Khumra

Aikina ƙirgar kaya a wani sito da ke Khumra, kudancin Jidda, inda tireloli ke kawo mana kwantena daga tashar jiragen ruwa. Da can ni da wani ɗan Damagaram muke tsayawa bakin ƙofa da takarda da biro, ya ƙirga in ƙirga, in lissafi ya saɓa mu koma farko. Sai maigida ya sa aka kafa kyamarori uku, biyu a saman bel ɗin da ke tafiya da kaya, ɗaya a ƙofar lodi.

Ba ranar ta fara aiki ba. Masu kafawa sun yi kwanaki suna ɗaukar hoton kowane irin katan ta gaba, ta gefe, ta sama, suna zagaye shi da layi a kwamfuta har manhajar ta gane shi.

A kan bel kam ba ni da ta cewa. Katan ɗin dabino da na madara na wucewa, lamba na hawa a allo. Da azumi, bayan la'asar, lokacin da idona ke ganin ɗaya biyu, ita ko a jikinta. Amma abin da ya fi yi mini daɗi hoton da take ajiyewa ne. Direba ya rantse 400 ya sauke, mu ce 396, a da sai an tara mana jama'a. Yanzu a buɗe hoto, kowa ya kama gabansa.

Inda take ba ni haushi shi ne kayan da aka jera kan ɗabliyya, wato katakon ɗora kaya, aka naɗe da leda. Gefe da sama kawai take gani, na tsakiya lissafa shi take yi. Ran nan ta ce lodi ya cika, da muka kwance sai ga rami a ciki, katan shida babu. Ƙyallin ledar ma rikita ta yake in rana ta shigo ta ƙofa. Buhun shinkafa kuwa ba a magana, biyu suka manne ta ce ɗaya ne. Kamfani ya sauya zanen kwali, sai an sake koya mata. Ga ƙura: kullum da safe ni ke hawa tsani in goge gilashin, aikin da ba wanda ya ambata lokacin ciniki.

Mai kayan katan ya sayi irin wannan kyamara, ba zai yi da-na-sani ba. Mai buhuna ya dakata. Na ce wa maigida a haɗa ta da sikeli a ƙofa, nauyi ya tona ramin tsakiya, ya ce in sha Allah bayan Hajji. Kafin nan birona na aljihu.