Tiger da Pathaan ko Raazi da Baby: wanne ne fim ɗin leƙen asiri na gaske?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli Pathaan da finafinan Tiger duka ukun, ka ji daɗinsu, sai abokinka ya kwashe da dariya ya ce ai waɗannan wasan yara ne, in kana son leƙen asiri na gaske ka nemi Raazi da Baby. Kana tambaya ko gaskiya ya faɗa, kuma wanne ya cancanci ka ƙona datarka a kansa. Abokin naka ya yi daidai ta fuskar yadda ake aikin leƙen asiri. Amma akwai wani gefe da bai duba ba, kuma a can Tiger ya fi Baby hankali nesa ba kusa ba.

Mu fara da waɗanda ka sani. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Yash Raj na Aditya Chopra. Ek Tha Tiger ne ɗan fari a 2012, Kabir Khan ya ba da umarni. Tiger Zinda Hai ya biyo a 2017, War na Hrithik Roshan da Tiger Shroff a 2019, sai Pathaan a Janairun 2023 da Tiger 3 a Nuwambar wannan shekarar, sannan War 2 a 2025. Da farko labarin Tiger daban, na War daban. Daga Pathaan ne aka ɗinke su wuri ɗaya, har Salman Khan (Tiger) ya faɗo cikin jirgin ƙasa ya ceci Shah Rukh Khan (Pathaan), shi kuma ya rama masa alherin a Tiger 3.

Abin da ya haɗa su shi ne ɗan leƙen asirin nasu ba ya ɓuya. Mutum ne da ake cewa babu wanda ya san shi, amma duk garin da ya shiga sai ya rushe rabin kasuwa kafin ya fita. A Dublin Tiger ya hau rufin jirgin cikin gari ya tsayar da shi da rigarsa. A tsaunukan Ostiriya ya yi dambe da kyarketai. Pathaan kuwa ya yi tseren babur a kan tafkin da ya daskare a Rasha, ya yi faɗa a saman mota mai gudu a Dubai, a ƙarshe shi da bos suka goya fukafukan inji suka bi juna a sararin sama. In da ma'aikacin RAW, wato hukumar leƙen asirin Indiya, zai yi kashi ɗaya cikin goma na wannan, da a ranar za a sallame shi. Kuma wannan salon ba yau aka fara ba. Iyayenmu da suka yi zamanin sinimomin Kano da Kaduna za su tuna Dharmendra a Ankhen na 1968, da Mithun da ya fito a matsayin Gunmaster G9 a 1979. Tun shekarar da aka kafa RAW ɗin kanta, wato 1968, masu fim a Bombay suke sayar da ɗan leƙen asiri mai tabarau da rawa.

Baby, wanda Neeraj Pandey ya yi a 2015, ya sauko ƙasa sosai. Labarin wata ƙaramar runduna ce ta sirri da aka kafa bayan harin Mumbai na 2008, aka ba ta wa'adin shekara biyar na gwaji. Akshay Kumar ya fito da gashin baki da riga mai maɓalli kamar ma'aikacin banki, matarsa ma tana zaton taro yake zuwa. Ana bin diddigin waya, ana matse wanda aka kama, ana jiran izini daga ofis. Har yanzu dai fim ne, jarumi ba ya mutuwa, amma za ka ji cewa ƙungiya ce take aiki: Anupam Kher mai tsara hanya da ƙorafi, Rana Daggubati mai ƙarfi, Danny Denzongpa a ofis yana lallashin minista. Minti talatin na ƙarshe, inda suke ƙoƙarin fitar da mutum daga Saudiyya a matsayin marar lafiyar da za a yi wa dashen hanta, babu harbi ko ɗaya a filin jirgin, amma za ka ji zuciyarka tana bugawa. Wanda ya kalli Argo na Amurka zai ga kamanni a wurin, ba a ɓoye yake ba.

Raazi kuwa wani abu ne daban, kuma a nan zan ɗan daɗe. Meghna Gulzar ce ta yi shi a 2018, daga littafin Harinder Sikka. Shekarar 1971 ce, gab da yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash. Sehmat, wadda Alia Bhatt ta fito a matsayinta, ɗalibar jami'a ce 'yar Kashmir, Musulma, mai shekara ashirin, wadda ganin jini ma yana tayar mata da hankali. Mahaifinta ya daɗe yana yi wa Indiya leƙen asiri ta hanyar abotarsa da wani birgediya na sojan Pakistan. Ciwon daji ya kama shi, sai ya aurar da ita ga ɗan abokin nasa don ta gaje shi. Aka koya mata aika saƙo da ƙwanƙwasa, da haddace lambobi, da harbi, aka kai ta Rawalpindi a matsayin amarya.

Duk makamanta ke nan: ladabi ga surukai, kunne a bakin ƙofa, da wayar aika saƙo da ta mayar igiyar shanya. Babu wanda ya fi ba ta tsoro a gidan kamar tsohon baran gidan, Abdul, wanda tun ranar farko bai yarda da ita ba. Ga kuma matsalar da horo bai tanadar mata ba: mijin nata, Vicky Kaushal, mutumin kirki ne. Bai matsa mata ba, ya ba ta lokaci, ya girmama cewa ƙasarta daban. Surukinta yana ɗaukarta kamar 'yar cikinsa. Duk sirrin da ta aika Delhi, cin amanar mutanen da suke ci a kwano ɗaya ne. Saƙon da ya fi nauyi shi ne na shirin kai wa jirgin ruwan yaƙin Indiya INS Vikrant hari. Da asiri ya fara tonuwa, abin da take yi don rufe shi ya fi duk harbe-harben Tiger muni, saboda ka san fuskar kowane mutum da abin ya shafa. Ba zan ɓata maka kallo ba. In Tiger dambe ne, ana kiɗa ana ihu kowa yana jiran bugun da zai kayar, to Raazi dara ce, mutum yana zaune shiru yana zufa don ya san ɗa ɗaya in ya ajiye ba daidai ba an cinye shi.

Ta wajen kuɗi babu haɗi. Pathaan ya tara sama da rupi (kuɗin Indiya) biliyan 10 a duniya, kuma shi ya dawo da Shah Rukh bayan shekara huɗu ba ya jagorantar fim tun da Zero ya faɗi a 2018. Raazi ya tsaya kusa da biliyan 2, wanda a wurin fim ɗin da mace ke ja, ba tare da wani Khan ba, babban abu ne.

Matan ma kallo ne. Zoya ta Katrina Kaif a Tiger da Rubai ta Deepika Padukone a Pathaan suna faɗa kamar maza, wani lokacin ma su suke ceton jarumin, amma kyamara ba ta taɓa mantawa cewa an kawo su ne don a kalle su. Shi ya sa rigimar da aka yi a Indiya kafin fitowar Pathaan a kan launin kayan ninƙayar Deepika ta fi labarin fim ɗin kansa tashe. Taapsee Pannu a Baby 'yan mintuna kawai ta samu, amma faɗan da ta yi da wani ƙato a ɗakin otal a Kathmandu, ba kiɗa ba ado, ya sa aka yi mata nata fim, Naam Shabana, a 2017.

Yanzu ga inda abokinka bai duba ba. Mu da muke kallon waɗannan finafinai daga nan, yawancinmu Musulmi ne, kuma ba mu da gona a rigimar Indiya da Pakistan. Don haka yana da kyau mutum ya lura da wa fim yake nuna masa a matsayin mugu. A nan lissafin yana juyewa.

Tiger, da duk shirmensa, labarin ma'aikacin RAW ne da ya kamu da son ma'aikaciyar ISI, wato hukumar leƙen asirin Pakistan, suka bar hukumomin biyu suka gudu. A ƙarshen fim na farko hukumomin biyu ne suke farautarsu tare a Kuba, kuma saƙon Tiger ga maigidansa shi ne za su dawo ranar da ƙasashen biyu suka daina buƙatar irin wannan aiki. A na biyun, wanda aka gina a kan sace ma'aikatan jinya 46 'yan Indiya da ƙungiyar ISIS ta yi a Tikrit ta Iraƙi a 2014, marubutan suka ƙara 'yan Pakistan a cikin waɗanda aka tsare don dole RAW da ISI su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Pathaan shi ma maraya ne da aka tsinta a gidan sinima, wani ƙauye a Afganistan ne ya raɗa masa sunan bayan ya cece su daga makami mai linzami, kuma can yake zuwa yin Sallah. Bos ɗin fim ɗin, Jim na John Abraham, tsohon jami'in Indiya ne da gwamnatinsa ta ƙi biyan fansa har aka kashe masa mata mai ciki a gabansa. A ganina shi ne bos mafi kyau a duk jerin, don in yana magana sai ka rasa amsar da za ka ba shi.

Baby bai da wannan sassaucin. Babban mugunsa malami ne mai gemu da rawani daga Pakistan, yana wa'azin kisa, kuma kusan duk wanda aka kama ko aka daka a fim ɗin Musulmi ne. An sa shugaban rundunar ya zama Musulmi, Feroz Ali Khan, akwai kuma wurin da ake maganar yadda ake ture matasan Musulmin Indiya gefe har masu tayar da ƙayar baya su same su, amma wannan ɗan gishiri ne. Fim ɗin kuma yana nuna azabtar da wanda ake tuhuma kamar abin burgewa, jarumi ya rufe ƙofa ya fito yana gyara hannun riga, 'yan kallo su yi tafi. Gwaninta a aikin fim ba ta wanke wannan ba. Ni dai na fi jin tsoron fim mai kama da gaskiya in ya karkata, domin babu wanda zai kalli mutum yana tashi da fukafukan inji ya ɗauka labarai yake kallo, amma Baby yana iya shiga kan mutum a matsayin yadda duniya take.

Raazi ne kaɗai ya haɗa biyun. Aikin leƙen asirinsa ya yi kama da na gaske, kuma sojojin Pakistan da ke cikinsa mutane ne masu son ƙasarsu daidai yadda Sehmat ke son tata. Wanda ya fi kowa taurin zuciya a fim ɗin ma shi ne mai horar da ita, jami'in Indiya, wanda Jaideep Ahlawat ya fito a matsayinsa. Abin dariya, hukumar tace finafinai ta Pakistan ba ta bambance ba: Ek Tha Tiger da Tiger Zinda Hai da Baby da Raazi duk ba a bari an haska su a can ba.

Sai batun fassara, tunda da yawanmu Indiya-Hausa muke kallo. Tiger da Pathaan da War kamar don masu fassara aka yi su. Akwai kirari, akwai cika baki, akwai gatse tsakanin jarumi da bos, in mai murya ya ƙara nasa barkwancin ma ba abin da ya lalace. Raazi ba ya ɗaukar wannan. Rabin labarinsa a ido da numfashi yake, wuraren da babu mai magana, kuma in aka cusa raha a nan an kashe shi. In kana iya bin rubutun ƙasan allo, kalle shi da muryoyinsa na asali.

Shawarata, fara da Raazi, ranar da kake kai kaɗai ko da mutum ɗaya wanda ba ya surutu. Bi shi da Baby, amma da ido biyu a buɗe. In waɗannan sun yi maka, nemi Madras Cafe na 2013, inda John Abraham ɗin nan dai ya fito jami'i a yaƙin basasar Siri Lanka har zuwa kisan tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991. Ya fi su duka nauyi, kuma ba shi da rawa ko ɗaya. A gidan Yash Raj kuwa, Ek Tha Tiger ya fi labari, War na farko ya fi faɗa mai tsafta, Pathaan ya fi daɗin kallo cikin taron abokai. Tiger 3 da War 2 sun nuna gajiya, kowane sabon fim yana ƙoƙarin fin na baya girman fashewa, aikin kwamfuta yana ta fitowa fili. Kuma in da yara ko iyaye a falo, Pathaan da War suna da waƙoƙin bakin teku da za ka so rimot yana hannunka.