Sharhina kan darasin amorti da na ɗauka wata biyu a Yamai

Ni dai shekara uku ina buga tenis amma duk ranar da na gwada amorti ta ɓangaren reba, wato ka ɗan sauke ƙwallo bayan raga da bayan hannu, ko dai ta ci raga ko ta tashi sama abokin wasa ya zo ya maka min ita. Shi ya sa na ɗauki wani koci a nan Yamai, sau biyu a sati bayan la'asar in rana ta yi sanyi, kuma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba.

Ranar farko bai bari na buga komai ba, hannuna ya kama ya juya min raket ɗin ya ce babban yaya riƙe ta kamar za ka buga ƙusa da guduma, kuma ka sassauta yatsu, kana matse ta kamar za a ƙwace maka. Ashe nan matsalar take. Daga nan ya nuna min in juya kafaɗa kamar zan yanko ƙwallon da nisa don kar abokin wasa ya gane, sai a ƙarshe fuskar raket ta ɗan buɗe ta shafi ƙasan ƙwallon, ta riƙa juyawa da baya, in ta sauka ta mutu a wurin. Ya shimfiɗa tawul kamar taku biyu bayan raga ya ce nan nake so, kuma sai ta yi tsalle uku kafin ta wuce layin sabis, wanda ke mita 6.40 daga raga, sannan zai ƙirga min ita. Sati uku ina fama, ranar da na samu biyar a jere har mai tsintar ƙwallo sai da ya tafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya hana ni yin ta barkatai. In kana can bayan layin baya kusan mita 12 ne tsakaninka da raga, ƙwallon za ta daɗe a iska, mutum ya iso cikin natsuwa. Sai ka shigo cikin fili shi kuma ka tura shi baya, kuma kana bugawa ka biyo ta gaba. Ya ce in riƙa kallon Ons Jabeur 'yar Tunisiya da Djokovic, yadda yake sakin hannun hagu daga raket a daƙiƙar ƙarshe.

Doka ma na ƙaru. Na san sai ka kai kafin tsalle na biyu kuma in ka taɓa raga da jiki ko raket maki ya tafi, amma ban taɓa sanin cewa in ƙwallo ta sauka gefenka ta koma da kanta ɗaya gefen saboda juyi, an yarda ka miƙa raket ta saman raga ka buge ta ba, in ba ka taɓa ta ba kuwa maki na wancan ne.

Inda raina bai so ba, ƙwallayensa sun tsufa, gashin duk ya cinye a kan siminti da ƙura, ba sa kama juyi yadda ya kamata, dole na sayo gwangwani biyu da kuɗina. Sau biyu kuma ya makara har magariba ta cinye mana rabin awa. Na faɗa masa ya ba da haƙuri ya rama min, kuma na riga na biya na wata mai zuwa.