Autoinstall na Ubuntu: ya iya aiki, amma kada a sakar masa faifai

Mai gyaran kwamfuta a Jidda ko Makka da aka jibge wa inji 20 na ofis ko makaranta ba zai so ya bi su da filasha ɗaya bayan ɗaya ba. Nan ne autoinstall, tsarin da ke girka Ubuntu a kan inji da kansa ba sai mutum ya amsa tambayoyi ba, wanda ya shigo da Ubuntu Server 20.04 ya maye gurbin tsohon tsarin preseed, yake biyan bukata.

Kayan aikin kaɗan ne: inji guda mai manhajar dnsmasq da zai raba wa sauran injinan adireshi ya miƙa musu fayilolin tayarwa ta TFTP (hanyar aika fayil mai sauƙi), sai sabar HTTP mai ɗauke da ISO (fayil ɗin girka Ubuntu) da fayiloli biyu, user-data (inda ake rubuta amsoshin girkawa) da meta-data. Ka danna F12, injin ya tashi ta PXE, wato ta hanyar sadarwa maimakon filasha. Inji mai sabon tsarin tayarwa na UEFI a ba shi bootx64.efi, tsoho mai BIOS kuwa pxelinux.0, in aka musanya su, injin ko gezau ba zai yi ba.

Abin da ya fi burgewa shi ne interactive-sections, wani layi a cikin user-data. Duk sashen da ka rubuta a ƙarƙashinsa, sai autoinstall ya tsaya ya tambayi mutum, sauran ya wuce da kansa. Agogo a kafe shi a Asia/Riyadh, manhajoji ma a kafe, babu abin shawara a ciki. Amma storage, wato sashen zaɓen faifai, lallai a bar wa mai injin. In ba a faɗa wa autoinstall komai ba, faifan da ya fi girma yake zaɓa ya goge. Ɗauki inji mai SSD giga 256 da babban faifai tera 1 inda aka tara takardun ofis: babban zai share, SSD ɗin yana zaune. Kuma da zarar ka sa kalmar autoinstall a layin kernel (layin umarnin tayar da injin), ko tambayar tabbatarwa ba zai yi ba.

Keyboard ma a bar shi a buɗe. A ofis ɗaya wani Larabci yake bugawa, wani yana neman ƙ, ɗ da ɓ, waɗanda ake samu a tsarin ng (na Najeriya) nau'in hausa.

Inda ya gaza: ISO ɗin gaba ɗaya yake saukewa cikin RAM, kuma ya haura giga 2, don haka inji mai giga 4 kan shaƙe a hanya. Sannan a GRUB, manhajar da ke tayar da injin, waƙafi mai ruwa na cikin ds=nocloud-net;s= (umarnin da ke nuna inda user-data yake) sai an sa masa \ a gaba, in ba haka ba GRUB ya yanke layin a nan, injin bai ga user-data ba, ya koma yi maka tambayoyi tun daga harshe.