Faɗaɗa layin tagulla ko ƙara masa kauri?

A ce layin tagulla zai ɗauki wutar lantarki mai ƙarfin amfiya 10 a saman allon PCB (allon da ake haɗa kayan lantarki a kai), ba a kuma son zafinsa ya ƙaru fiye da digiri 10 na Salshiyas. Bisa lissafin IPC-2221 (ƙa'idar zana allunan PCB), tagullar oza 1 (ma'aunin kaurin tagulla, wato maikuron 35) na buƙatar faɗin kusan milimita 7. Da oza 2, rabin haka ya wadatar.

Faɗaɗawa ba ta ƙara kuɗi, sai cin fili. Matsalarta wurin da layin ya tsuke a ƙafar kayan lantarkin da ake haɗawa a allon, nan zafi ke taruwa.

Tagulla mai kauri ta fi tsada, tana neman tazara mai yawa tsakanin layuka, tana kuma shanye zafin dalma har haɗin ya ƙi kamawa. In akwai fili, faɗaɗawa ta fi.