Wata Goma Sha Ɗaya Kafin in Canza Jarrabawa Ɗaya: Saƙo Daga Ingila

Allah ya gafarta Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara da mutanen sashe baki ɗaya. Mu ma nan ƙalau, sai sanyi da duhun da ke rufe gari tun ƙarfe huɗu na yamma, har la'asar da magariba suna neman haɗewa. Na ga saƙonka cewa an ɗora maka shugabancin kwamitin manhaja na tsangaya. Allah ya taya riƙo. Ka ce in ba ka labarin yadda ake yi a nan, kuma zan ba ka ta hanyar abin da ya same ni, don ta nan na koya.

Amma bari in fara da butar shayi. Satina na biyu da zuwa na sayi butar lantarki, kwana tara ta daina zafi. Na ajiye ta na ce asara ce ta hau ni. Wani maƙwabcina ya ce in ɗauki rasit in koma. Na tafi ina shirya maganganun da zan kare kaina da su, kamar mai zuwa gaban alƙali. Yarinyar da ke kan kanta ko kallon butar ba ta yi sosai ba, ta mayar min da kuɗina a kati. Doka ce ta 2015: kayan da aka sayar maka da aibi, kana da kwana 30 ka mayar ka karɓi kuɗinka cif. Sai na tuna rasit ɗin kasuwanninmu, wanda tun a ƙasansa an buga cewa abin da ya fita daga shago ya fita ke nan. Ba komai ne ya fi a nan ba. Kukar miya da daddawa idan ka same su a shagon 'yan Afirka sun sha hanya, ga tsada, kuma ganin likita sai ka yi ta buga waya da sassafe kana neman layi. Amma wannan zancen na mayar da kaya, Malam ka riƙe shi, shi ne mabuɗin sauran labarin.

Kwas ɗin da aka ba ni na 'yan aji biyu ne, kan sarrafa albarkatun ruwa. Na gaje shi daga wani da ya yi ritaya. Misalansa duk na kogunan Turai ne, kuma maki gaba ɗaya a jarrabawar awa biyu ta ƙarshen zango yake. Na so in yi abu biyu: in sa mako biyu a kan dausayin Haɗeja da Nguru, yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canza zuwan ambaliya, da yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, sannan in raba makin, rabi jarrabawa, rabi rahoton da ɗalibi zai rubuta. A gida wannan ba ya bukatar ko sallama. Ranar farko ka shiga aji ka faɗa, wakilin aji ya rubuta, shi ke nan.

Na faɗa wa shugabar shirin digirin a watan Oktoba muna shan shayi. Ta ce misalan Haɗeja in saka ko gobe, wannan hurumina ne. Makin kuwa, sai shekara mai zuwa. Na yi zaton wasa take.

Dalilin shi ne, kowane kwas yana da takardarsa, shafi uku ko huɗu, da ke ɗauke da sunansa, nauyinsa, abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama, da yadda za a auna shi. Nauyin ma ba irin namu ake ƙirgawa ba. Mu yunit ɗaya awa ɗaya ce ta lakca a mako har ƙarshen semista, wato muna ƙirga lokacin malami. Su kiredit ɗaya awa 10 ce ta aikin ɗalibi, da lakca da karatunsa a ɗaki da rubutunsa duka. Shekara kiredit 120 ce, digirin shekara uku 360. Kwas ɗina mai 20 ne, awa 200 ke nan, kuma duk abin da na ƙara sai na nuna inda na rage. Wannan takarda ɗalibi ya gan ta kafin ya shigo, kuma a kanta ya biya. Ɗan ƙasa an riƙa cajinsa fam 9,250 a shekara daga 2017, aka ɗaga zuwa 9,535 a 2025. Baƙo irin yaranmu sau da yawa ninki biyu ne ko fiye. A 2015 hukumar da ke kula da gasa a kasuwanni, CMA, ta fitar wa jami'o'i bayani ƙarara cewa dokar kare mai saye ta hau kansu: abin da ka tallata wa ɗalibi alkawari ne, ba ka canza shi da rana tsaka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ashe kwas ɗina da butar shayin dangi ne.

Canji iri biyu ne a jami'armu. Ƙarami, kamar sabunta jerin littattafai, a sashe ake gama shi. Babba, kamar taɓa maki ko sunan kwas ko abin da ake so ɗalibi ya fita da shi, sai ya je kwamitin tsangaya, kuma akwai ranar rufe karɓa a farkon shekara. Wanda ya makara ya jira wata shekarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda jadawalin azuzuwa da ɗakunan jarrabawa da shafin da ɗalibai ke zaɓen kwas duk a kan waɗannan takardu ake gina su. Nawa kuma kwas ne na dole, don haka sai da aka tambayi ɗaliban da abin zai shafa, aka kuma aika wa mai duba jarrabawarmu na waje, farfesa a wata jami'ar, ya rubuto ra'ayinsa.

Fom ɗin sau biyu yana dawo min kafin ya ga kwamiti. Wadda ke mayar da shi ba malama ba ce, ma'aikaciyar ofishin tabbatar da inganci ce, mace mai sanyin murya da ba ta taɓa tsayawa gaban aji ba. Na rubuta cewa ɗalibi zai “fahimci” illar madatsun ruwa ga masu noman fadama. Ta ja layi a ƙarƙashin kalmar ta ce yaya zan auna fahimta? In ce zai bayyana, ko zai kwatanta, ko zai tantance, abin da mai duba takarda zai iya gani da idonsa. Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba. Na ce a zuciyata, shekara nawa ina koyarwa, yau sakatariya ke gyara min aikatau. Da na huce na zauna gyarawa, sai na tarar ni kaina ban san takamaimai me nake so rahoton ya nuna ba. Gyaran nata ne ya sa na sani.

Ranar zaman, mutum goma sha biyu ne a ɗakin, wasu uku ta bidiyo. Mataimakin shugaban tsangaya mai kula da koyarwa ne ke jagoranta. Akwai malami daga kowane sashe, ɗaya daga wata tsangayar daban, mutumin laburare, ita mai ingancin, da wakilan ɗalibai biyu. An raba takardu mako guda kafin nan, kuma abin da ya ba ni mamaki, an karanta. Babu doguwar gabatarwa, babu jiran manya su iso. Minti goma aka ba ni in yi bayani. Mutumin laburare ya ce littafi ɗaya a jerina babu shi a intanet, kwafi biyu kawai gare su, ɗalibai tamanin za su yi rububinsa. Ko in canza, ko in ba shi lokaci ya saya. Malamin wata tsangayar ya tambaya ko rahoton nawa ba irin wanda ChatGPT zai rubuta cikin minti ɗaya ba ne. Tambayar ta zauna, kuma ita ta sa na ƙara cewa kowane ɗalibi zai yi aiki da alƙaluman ruwan da na ba shi, ya kare su da baki.

Sai wakiliyar ɗalibai, yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba, ta buɗe kwamfutarta. Ta kira shugaban zaman da sunansa na yanka, gatsau, abin da har yau bakina ya kasa. Ta ce ta duba, makon da na sa a miƙa rahoton akwai wasu ayyuka uku da 'yan ajin za su miƙa, kuma da yawansu suna aikin dare a shaguna da gidajen kula da tsofaffi don biyan haya. Ko za a matsar da shi mako biyu? Ba wanda ya harare ta. Aka rubuta a matsayin sharaɗi. Aka amince da bukatata bisa sharuɗɗa uku, in cika cikin kwana 14, shugaba ya sa hannu ba sai an sake zama ba. Daga shayin Oktoba zuwa ranar da na shiga aji da sabon tsarin a Satumba, wata goma sha ɗaya.

Ina fitowa na tuna zaman tsangayarmu da aka kawo sabon kwas, aka ɗage shi don mai tsohon kwas ɗin yana hutun shekara kuma ba a so a taɓa masa gona ba ya nan, aka sake ɗagewa don ba a cika ba, sannan yajin aiki ya zo ya share zancen. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mu ma muna da jinkiri, har ya fi nasu. Bambancin shi ne nasu jinkirin yana da ranar ƙarewa a rubuce, kuma abin da aka amince da shi a takarda shi ake yi a aji. Mu takarda tana sashe, tsangaya, sanet, tana tafiyarta. Aji kuma yana tafiyar handawut ɗin da aka buga tun kafin a haifi ɗaliban. Sai baƙin tantancewa sun kusa zuwa a share ɗakin gwaji, a aro na'urori da littattafai, su tafi a mayar. Malam ka fi ni sani, tare muka ɗauki kwalaye.

Ga wani bambancin da ya shafi aikinka kai tsaye. A nan babu wata hukuma da ke rubuto wa jami'a kwasa-kwasanta. QAA, hukumar kula da ingancin ilimin jami'a wadda aka kafa a 1997, tana fitar da bayanin abin da ya kamata mai digiri a kowane fanni ya sani, a dunƙule, jami'a ta gina nata a kai. Fannoni irin likitanci da injiniya ne ƙungiyoyin sana'arsu ke sa ido sosai. Mu kuwa tun da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar bai-ɗaya, CCMAS, a Disambar 2022, kashi 70 daga Abuja yake zuwa, 30 aka bar wa jami'a, abin da ASUU ta yi ta ƙorafi a kai cewa an shiga hurumin sanet. To, 30 ɗin nan shi ne gonarka. Idan aka raba shi bisa wane farfesa ne bai samu kwas ba, an yi asararsa. Haɗeja da Nguru da fadamun Kano a nan za su shiga, tunda ba wanda zai rubuto mana su daga wani wuri.

Kada kuma in sa ka zaci aljanna na shigo. Idan ɗalibi mai saye ne, kwas ɗin da bai yi kasuwa ba sauke shi ake daga kanta. A zaman da aka duba nawa, batu na ƙarshe rufe wani digiri na biyu ne. Ba a ce ba shi da kyau ba. Ɗalibai ne suka ragu, musamman tun da gwamnati ta hana yawancin masu zuwa digiri na biyu tahowa da iyali daga Janairun 2024, ga naira ta faɗi, yaranmu da ke cika irin waɗannan azuzuwa suka ja baya. An riga an yanke hukuncin a ofishin masu lissafi. Abin da ya rage wa kwamiti shi ne ya tabbatar waɗanda ke ciki za a koyar da su har su gama. Mutanen da suka yi minti ashirin a kan makon miƙa rahotona, wannan ko minti biyar bai ci ba. Malamin da ya gina shirin yana zaune, ya kafa wa tebur ido.

Kuma akwai abin da nake kewa. Shekarar ambaliyar 2012 ka shigo aji ka ce mu rufe littafi, ka sa aka nemo bas, muka je muka tsaya a kan gada muna kallon ruwa yana cin gonakin shinkafa, kana nuna mana da sanda inda tsohuwar gaɓa take. Ban taɓa mance darasin ranar ba. A nan da zan yi haka, sai na cika fom ɗin tantance haɗari, na nemi izini, na tabbatar mai keken guragu zai iya zuwa, kafin nan ruwa ya janye. Dalilansu masu kyau ne, amma ranar ta wuce.

Idan za ka ɗauki wani abu daga wurinsu, ni a ganina wanda ba ya cin ko kwabo za ka ɗauka. A raba takardu kafin zama. A kafa ranakun zama na shekara tun farkonta, da ranar rufe karɓa, ko wa ya yi tafiya. A zaunar da ɗalibai biyu, kuma kai da kanka ka fara tambayarsu, don in ba haka ba ba za su buɗe baki a gaban malamansu ba, kuma ka tabbatar ba wanda zai rama a takardar jarrabawa. Na san wannan na ƙarshen shi zai fi ba ka wahala.

Zan turo maka fom ɗin namu ta WhatsApp, har da jan layin da matar ta yi min, ka ga yadda yake. Ni kuma ina da bara. Idan akwai ɗalibinka da zai je wajen Nguru, a ɗauko min hotunan kacala a bakin hanyar ruwa, da na masu yankan ta a cikin kwalekwale, a rubuta ranar da wurin. Wanda ya ɗauka kuma ya rubuto min layi biyu cewa ya yarda in nuna a aji, don wannan ma akwai fom ɗinsa.

A gaishe min da Hajiya, a ce mata yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Ɗalibinka.