Janaretan Gwanjon Soja a Gidana na Sakkwato: Abin da Na Gani

Janaretan da nake amfani da shi yanzu a gida MEP-804A ne, irin wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a shekarun 1990, daga baya suka koma sabon samfuri suka riƙa fitar da tsofaffin a gwanjo. Daga hannun wani dillalin injuna na saye shi, bayan cire tallafin fetur a 2023, lokacin da ƙaramin janaretana mai fetur ya koma cin kuɗi alhali ko famfon burtsatse ba ya iya tayarwa. Ya ratsa bazara, damina da hunturu a gidana da ke Arkilla, don haka ina da abin faɗa a kansa.

Zan fara da abin da ya fi komai muhimmanci, domin a nan mutum yake asarar kuɗinsa. Wutar Najeriya 50 Hz ce, ta Amurka kuwa 60 (Hz shi ne ma'aunin saurin kai-komon wutar lantarki a cikin daƙiƙa ɗaya). Ƙananan 'yan uwan wannan injin, MEP-802A mai kilowat 5 da MEP-803A mai kilowat 10, don 60 Hz aka ƙera su, kuma su suka fi jan hankali saboda girmansu ya fi dacewa da gida. Shi 804A yana da makunnin zaɓi tsakanin 50 da 60, ana kuma iya ɗaura shi ya ba da volt 240/416, wanda ya yi daidai da kayan gidajenmu. Akwai kuma masu 400 Hz irin su MEP-814A, na rada da kayan jiragen sama. A ido kusan ba su da bambanci da nawa, amma ba su da amfani a gida ko kaɗan. Kada ka biya ko kwabo sai ka karanta farantin da ke jikin injin da idonka.

A kan 50 Hz ƙarfinsa yana sauka daga kilowat 15 zuwa 12.5. Injin Isuzu ne mai silinda huɗu a cikinsa, yana juyi 1,500 a minti, rabin gudun ƙananan masu fetur da ke yin 3,000. Wannan shi ne sirrin natsuwarsa da ƙarkonsa. Ƙararsa mai kauri ce, ba ta tsaga kunne, kuma akwatinsa a lulluɓe yake da abin rage ƙara. Muna hira a tsakar gida yana aiki ba tare da ɗaga murya ba, maƙwabcina ma bai taɓa kawo ƙorafi ba.

Inda ya fi burge ni shi ne watan Afrilu da Mayu. Duk Basakkwace ya san yadda rana take wuce digiri 40, garu ya kwana yana fitar da zafi, ga azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa a bakin bazara. A wannan lokacin na ɗora masa na'urorin sanyaya ɗaki, firiza, fankoki da famfon burtsatse gaba ɗaya. Idan famfo ya tashi sai ka ji muryar injin ta ɗan yi nauyi, ta koma daidai, fitila ko ƙiftawa ba ta yi. Allurar zafin lagireto ba ta taɓa haura inda ya kamata ba. Mahaifiyata tana da hawan jini, zafi yana wahalar da ita ƙwarai, kuma barcin da ta samu a bazarar nan ya ishe ni in ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai injin nan yana son kaya. Idan ka bar shi da fitilu da fanka biyu kawai na tsawon lokaci, dizal ba ya ƙonewa duka, sai ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana tsatsa ta bakin salansa. A hunturu, da ba a kunna na'urar sanyi, na ga alamar haka. Maganinsa a ɗora masa kaya mai nauyi ya yi zafi sosai ya ƙone dattin. Abin da na yi daga baya shi ne na ja layi zuwa gidan ƙanina da muke katanga ɗaya, muka raba kuɗin mai, na kuma tsara yin guga, tura ruwa tanki da cajin batiran inbata duk a lokacin da yake kunne. Da dare inbata ke riƙe gidan. Mai ɗaki biyu da falo, wallahi wannan injin ya fi ƙarfinsa, zai yi ta ƙona dizal ne a banza, ga dizal ba araha.

Layi uku yake fitarwa, don haka dole mai gyaran wuta ya raba kayan gida daidai a kan layukan, kar a jibge wa guda. A sa na'urar sauya layi mai kyau wadda za ta raba shi da wutar waje ɗungurungum, domin idan wutarka ta koma kan turke, ran ma'aikacin da ke gyara a can yana hannunka. A kafa masa ƙarfen ƙasa, a ajiye shi a sarari nesa da taga saboda hayaƙi.

Nauyinsa ya kusa tan guda, sai da motar ɗaga kaya aka sauke shi. Batir biyu yake ci, domin tsarinsa volt 24 ne.

Kayan gyara rabi da rabi ne. Filtocin mai, bel da baƙin mai ana samun makamancinsu a gari, kuma bakaniken manyan motoci ya gane injin Isuzu tun kallon farko. Ɓangaren lantarki ne matsala. Wani ɗan rile, wato ƙaramin makunni mai aiki da kansa, ya mutu a allon sarrafawa, na zagaya shaguna ban samu ba, sai da aka yi odarsa daga waje na yi makonni ina jira. Tun daga nan na ajiye na ko-ta-kwana. Ƙurar hunturu kuma tana toshe filtar iska da haƙarƙarin lagireto da wuri, ina busa su akai-akai, ina kuma tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar dizal, tunda ba kowane mai ne mai tsabta ba.

Akwai makunni guda da aka rubuta wa Battle Short. Aikinsa hana injin kashe kansa ko da baƙin mai ya yi ƙasa ko ya ɗau zafi, don fagen daga aka yi shi. Na naɗe nawa da salatif, na hana kowa taɓawa.

Mai son saye ya tafi da bakanikensa, a tayar da injin da sanyinsa, a ɗora masa kaya na gaske na aƙalla awa guda. Kada ya dogara da agogon awoyi kaɗai, domin akan sauya shi idan an yi wa injin garambawul. Ya kuma karɓi takardun kwastan da rasit cikakku, saboda kaya mai fentin soja a bayan mota sai an tsayar da shi a shingen bincike an tambayi inda ya fito.